Iska a Cikin Birki

Da hantsi ya ɗaga motar a kan jak a ƙofar gareji, ya canza takalman birkin gaba da hannunsa. Akawu ne, ba makanike ba, amma ya kalli yadda ake yi a waya ya ce wannan ai wasan yara ne. Da ya gama ya taka birki, sai ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka soso.

Da yamma zai je filin jirgi ɗauko ogansa. Shi ya roƙi a ba shi aikin, don ana maganar ƙarin girma a ofis.

Ya leƙa ɗakin da matarsa ke ɗinki. "Maman yara, zo ki ara mini ƙafarki. Iska ce ta shiga birki."

Ta ajiye almakashi ta fito. Tun rasuwar mahaifiyarta ba ta shiga motar nan ba. Ranar da aka kira ta daga asibiti, cewa ya yi birki ba lafiya, ta nemi motar haya. Kafin ta isa an rufe wa tsohuwa fuska. Daga baya maƙwabciya ta gaya mata, ba da wata manufa ba, cewa a yammacin nan ta ga motar maƙare da abokansa sun nufi kallon ƙwallo. Ba ta taɓa tayar masa da zancen ba.

"Ki yi ta takawa, in na ce riƙe ki danne. Kada ki ɗaga sai na ɗaure noti, in ba haka ba iskar komawa za ta yi."

"To, maigida."

Ya kwanta a kan kwali, ya sa tiyo a bakin notin, ɗaya bakin a kwalba. "Riƙe." Ta danne. Ta ji ƙarar sifana, birkin ya sulale ƙasa, sai ta ɗan sassauta ƙafa, kaɗan, yadda take yi wa keken ɗinki a kan kwana.

Haka suka zagaye tayoyi huɗu, suka sake zagayewa. Rana ta dawo kansa. Man birki ya ɗiga masa a ido, sifana ta kuɓuce ta fasa masa yatsa. Ya zagi mai shagon da ya sayar masa da kayan, ya zagi mutumin cikin waya.

"Ya yi tauri?"

"Kamar audugar matashi, maigida."

Man da ya sayo ya kusa ƙarewa lokacin da ya zuba wa tiyon ido, ya ga man yana ja da baya. Ya miƙe a hankali ya zo bakin tagar motar.

"Kina ɗaga ƙafa."

"Ina ɗagawa."

"Me na yi miki?"

"Ai kai ka ce birkin ba lafiya ranar Mama. Na ga bai kamata ka zama maƙaryaci ba."

Wayarsa ta fara ruri a kan bonet ɗin motar, ogan ne, da alama jirgi ya sauka da wuri. Ya tsaya yana kallon wayar, hannuwansa baƙi ƙirin, ya rasa da wanne zai ɗauka.

Ta zare makullin motar ta jefa a aljihun rigarta kada ya hau hanya ba birki, don mugunta daban, kisan kai daban. Ta wuce shi ta shiga gida, ta ɗora ruwan wanka wa yara.