Inda Kunya Take Zama

Da kara Dela ta ɗaga wandon, ta kawar da kai, ta jefa shi cikin baho. Zarnin ya bi ta har maƙogwaro. Ta tofar da yawu, ta sake tofarwa.

Mai wandon kuwa yana zaune a tsakar gida, ludayi a hannun hagu, koko na bin gemunsa. Wai wannan shi ne Malam Sama'ilu mai turare, mijinta, wanda duk kasuwar Kazaure ta san in ya gifta sai ƙamshi ya daɗe bai bar wurin ba. Mutumin da yake mayar da miya in ya ji ɗan ƙauri. Yanzu sai ya jiƙa tabarma, ya zauna a kai yana murmushi.

Ta riga ta ɗaure kayanta. Ƙaninta Halliru zai zo daga Gwiwa da babur bayan la'asar ya tafi da ita, kuma ba ta da niyyar dawowa.

Ba fitsarin ne ya kore ta ba. Abin da ya faru ranar sunan jikansu ne. Gida cike da surukai, Malam ya buɗe baki ya ƙwala wa ɗansu na fari kira da sunansa na yanka: “Ukasha!” Sunan da tun haihuwar yaron shi da ita ba wanda ya taɓa furtawa, sai dai “kai” ko “wannan yaron”. Bai tsaya nan ba, ya yaye riga ya ce matar Ukashan ta zo ta sosa masa baya. Yarinyar ta ruga ɗaki tana kuka. Dela ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Kowa ya kawo tasa. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce da tsufansa ya fara shan ƙwaya. An ɗauko wani mai ruƙiyya daga Roni, ya turnuƙe ɗakin da hayaƙi mai warin da ya kori kowa waje, Malam yana ciki ko a jikinsa. Mai ruƙiyya ya ce ai kun gani, aljanin tsohon kafiri ne. Ita dai Dela nata ganin daban: halinsa ne na ainihi ya fito, shekarun nan duka ɓoye shi yake yi a ƙarƙashin turare.

Ukasha ya yi sallama ya shigo. Shi ne ya dage ya kai uban Kano aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, yau kuma likita zai duba a nan Kazaure.

“Inna, likitan ya ce da ke yake son a zo.”

“Ni kuma me zan yi masa? Kai ɗin ba ka isa ba?”

“Ke kike zaune da shi, Inna. Don Allah.”

Ta yafa mayafi. A cikin a-daidaita ta manne a gefe guda, fuskarta a waje.

Likitan ya ɗaga hoton wajen haske, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo wajen Dela.

“Baba, yaushe ya daina jin wari?”

“Wari? Ai shi ne warin.”

Likitan bai yi dariya ba. Ya zaro kwalbar turare daga aljihu, ya buɗe, ya kai hancin Malam. “Malam, wane iri ne wannan?”

Malam ya shaƙa, ya ƙyalƙyale da dariya. “Ruwa ne. An cuce ka, yaro.”

Daga inda take, Dela tana jin ƙamshin miski. Ta tuna hayaƙin mai ruƙiyya. Ta tuna tun bara masu saye suke dawo da turarensa suna cewa haɗin ya lalace.

Likitan ya nuna wani farin dunƙule a hoton, kamar ƙwan zabo. “Ƙari ne ya fito a bayan goshinsa. Ya daɗe yana girma a hankali. Ya fara danne jijiyar jin ƙamshi, sannan ya danne wurin da yake hana mutum faɗin abin da bai kamata ba, da wurin da yake sa shi riƙe fitsari.”

Dela ta ce, “Tsaya, likita. Kana nufin kunya ma tana da wurin zama a kai?”

“A nan take,” ya taɓa goshinsa. “Ba shi ya yar da ita ba, Baba. Danne ta aka yi.”

“In an cire, za ta dawo?”

“Sai an yi aiki a Kano. Wasu suna dawowa kamar da, wasu rabi. Ƙamshin kam da wuya. Kuma yana bukatar mai tsayawa a kansa.”

Suka fito. Ukasha ya zaunar da uban a bencin baranda, ya tafi can bakin ƙofar asibiti neman abin hawa. Dela ta tsaya nesa da bencin, kamar wadda ta zo dubiyar wani. Wayarta ta yi ƙara, Halliru ne. Ta bar ta tana yi.

Sai ta ga mutanen bencin suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin katakon, yana gangarawa kan siminti. Malam yana kallonsa da sha'awa.

Wata mata ta toshe hanci da mayafi. “Subhanallahi! Gardi da gemunsa! Wai wannan na waye?”

Ƙyamar ba ta tafi ko'ina ba. Tana nan tare da Dela. Ta cire mayafinta, ta taka cikin jiƙar da silifas, ta rufa masa a cinya.

“Nawa ne,” ta ce.

Ana bukatar ruwa da bokiti. Ta hango ɗanta can nesa, ya ba ta baya. “Kai!” ta kira. Maza uku suka waiwayo, ban da shi. “Kai, wannan yaron!” Ƙarar babura ta cinye muryar.

Ta dubi Malam, ta dubi jama'ar da suka zuba musu ido. Sannan ta cika ƙirji da iskar nan mai zarni.

“Ukasha!”