Bakancen Tan Chai

Ƙarya dai Fina Mafnas ta yi, babu wani suna da za a canza mata. Ranar da ta fito daga jarrabawar lasisin babban dillali a garin Tamuning, takardar hannunta cewa ta yi ta faɗi, da maki uku kacal. Shekara goma sha ɗaya tana sayar da gidaje a ƙarƙashin ofishin wani, wannan lasisin ne zai ba ta damar buɗe nata. Ko mota ba ta kai ba mahaifiyarta, Tan Chai, ta kira daga ƙauyensu, Inalahan.

"Yaya aka yi, 'yata?"

"Na ci, Nana," in ji Fina, don haka suke kiran uwa a yarensu. Bakinta ya riga hankalinta.

Ashe tsohuwar ta yi bakance ba wanda ya sani: in Fina ta ci, za ta yi addu'ar kwana tara a durƙushe gaban mutum-mutumin Uwa Maryamu da ke falo, a rana ta tara ta ciyar da unguwa. Mace mai shekara tamanin da ɗaya, wadda likita ya hana ta ko hawa matakala! Amma je ka gaya wa Tan Chai haka ka ji.

Fina ta sake yin rajista a ɓoye. Rana mafi kusa da aka ba ta ita ce rana ta tara ta addu'ar. Da rana tana karatun dokokin ƙasa da na haya a cikin mota, tsakanin nuna wannan gida da wancan. Da yamma ƙarfe shida tana bayan uwarta riƙe da carbi, tana kallon yadda ake kama tsohuwar a sauke ta kan tayil, a ɗago ta bayan minti arba'in tana cije leɓe. Zuwa kwana na biyar gwiwoyin sun kumbura kamar an hura su. Abinci ya daina wuce wa Fina.

Ga kuma wanta, Kin, da bakinsa da ba ya hutu. "Ranki ya daɗe, babbar dillaliya! A samo min gida a bakin teku mana, dala biyar gare ni."

"Ka fara gyara rufin naka tukuna," ta ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

A rana ta tara ta ce wa 'yan gida tana da mai sayen gida da sassafe, ta wuce wurin jarrabawa. Ta zauna gaban kwamfuta, ta amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da matar da ke tsaron ɗakin ta miƙo mata takarda, sai da ta karanta sau uku. Ta ci. A hanya ta yi ta faɗa wa kanta shi ke nan, ƙaryar ta zama gaskiya, wa zai sani?

Da ta isa gidan uwarta da yamma ta tarar an kafa rumfa, Kin yana gasa haƙarƙari, gwaggonni na juya jar shinkafa suna kankare kwakwa. Tan Chai kuwa tana ɗaki ita kaɗai bayan addu'a, ƙafafunta cikin robar ruwan ɗumi. Fina ta sunkuya ta kai hannun tsohuwar hancinta, yadda ake gaida manya a al'adarsu, sai ta kasa saki. Nan ta faɗi komai.

Tan Chai ta dube ta.

"Yau kika ci?"

"Yau, Nana."

"Wato kwana tara ina godiya a kan abin da ba a ba ni ba tukuna."

"Ai yanzu an ba ki. A ɗauka waɗannan kwana taran su ne na bakancen."

"Ke, ba cinikin gida muke ba. Cewa na yi bayan kin ci. Gobe zan fara."

Hankalin Fina ya tashi. "Don Allah, Nana, gwiwoyinki! Ni zan durƙusa a madadinki, ko kwana nawa ne."

"Ke kika yi alkawarin? Ni na yi shi, da bakina." Ta zare hannunta. "Share fuskarki ki je ki zuba wa mutane abinci. Kada ki gaya wa Kin, zai ishe mu."

Washegari ƙarfe shida babu baƙi, babu gwaggonni, su biyu ne a falon. Fina ta riƙe uwarta ta hammata tana sauke ta a hankali, ta ji jikin yana karkarwa tun kafin gwiwa ta taɓa ƙasa. Tsohuwar ta yi wani ɗan nishi da ta so ɓoyewa.

"Sake ni," ta ce. "Saura takwas bayan wannan."