Keken da Ake Karɓewa Bayan Hoto

Sau uku ana ɗora Babanmu a kan keken guragu a ɗauki hotonsa, sau uku ana sauke shi. Gyaran takalma yake yi a bakin titi, ƙafafunsa sun shanye tun yana ƙarami. Wata ƙungiyar agaji ce ke kiransu duk shekara, shi da wasu naƙasassu, a jera su a kan sababbin kekuna, baƙi su yi ta tafi. Baƙi na fita sai manajan ƙungiyar ya ce akwai sauran ɗaurin noti, a dawo mako mai zuwa. Shiru kake ji.

Bayan na ukun, Baba ya ce in ɗauko biro mu rubuta wa hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji. Inna ta ce ba a kai mai kyauta ƙara.

"Ai ba kyauta aka yi mini ba," in ji shi. "Ni aka ara."

Da muka kai takardar, ofishin hukumar yana hawa na biyu, don haka jami'ar da ke karɓar koke ta sauko, ta zauna a kan matakala tana sauraronsa. Ta ba mu takarda mai lamba, ta ce za a ɓoye sunansa. Baba ya ce a rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Wata biyu babu labari, har Inna ta fara yi masa tsiya. Ashe jami'ar ta je ɗakin ajiyar ƙungiyar ba tare da sanarwa ba, ta tarar da kekuna ashirin, tayoyinsu ko ƙasa ba su sani ba. Ta gwada su da hotunan da ke cikin rahoton ƙungiyar na shekara uku, kekunan nan ne dai. Ta ji ta bakin manajan ma, ya yi ta kame-kame.

Da aka kira Baba ya ba da shaida, ya faɗi komai, sannan ya roƙi kada a rufe ƙungiyar, don ɗakin shan maganinsu yana taimakon mutane. Hukumar ta sa aka cire manajan, ta sa wa ƙungiyar ido na shekara guda, aka raba wa su Baba kekunan a gaban hukumar.

Ranar, Baba ya hana ni tura shi. Ina biye da shi a baya har gida, ina gaya wa duk wanda ya tsaya kallo cewa mahaifina ne.