Tikiti Goma Sha Biyu Zuwa Alƙahira

Ranar wata Litinin ce cikin watan Yuni. Hadari ya taso daga wajen Kusada tun da hantsi amma ya ƙi zubarwa, gari ya ɗauki zufa, ko ganye ba ya motsi. Ina zaune bakin tashar Kankia, bisa bencin da nake gyaran waya a rumfar wani, sai Baba ya kira ni ya ce in same shi sito.

Ban ji daɗin kiran ba. Tun da na bar makaranta a aji huɗu na sakandare, Baba ba ya nemana sai in da faɗa. Na yi acaɓa na bari, na koyi ɗinki wata uku na bari, na je Kano na dawo da jakata kaɗai. Gyaran waya ne abin da na fi daɗewa a kai, shi ma bisa bencin aro.

Na same shi zaune kan buhu, ya cire hula yana fifita da ita. Alhaji Ɗalha mai hatsi, kowa ya san shi a Kankia. Shekarar nan ya ajiye masara, farashi ya tashi, ya ci ribar da bai taɓa ci ba.

"Fa'izu, wayar nan da kake latsawa dare da rana, tana iya kai mutum Masar?"

"Tana iyawa, Baba."

Ya ce lokacin da ya je Umara jirginsu ya yada zango Alƙahira, wani abokin tafiya ya nuna mashi bidiyon wani katafaren wurin wasa a bayan gari: lilo mai tsawon bene goma, jirgin ƙasa mai bi ta sama yana juyewa da mutane, ruwa ana zamewa ciki. Ya ce shekara talatin yana ɗaukar buhu, ɗiyanshi ba su taɓa ganin abin da ya wuce gidan zu na Kano ba.

"Mu goma sha biyu ne. Ni, Innarku, ku tara, da Luba ɗiyar marigayi baffanku. Har da yayarku Kubura, na riga na roƙi mijinta. Ita ta sha wahalar gidan nan lokacin da ba mu da komai, ba inda za mu babu ita. Na ware miliyan ashirin. Ka shirya komai. Abin da ya yi saura naka ne, ka sayi kwantenar shagon nan da ka dame ni da ita."

Kwantenar tana nan daura da tasha, shuɗiya, mai ita zai koma Katsina. Shekara guda ina kallonta.

"Sharaɗi ɗaya," in ji Baba. "Ranar tafiya daga ni sai kai za mu san ta. Ba a yin shelar tafiya. Mata suka ji, gari ya ji, baki ya shiga ciki. Sai biza ta fito, saura mako biyu, sannan a faɗa masu."

Muka tsayar da ashirin ga Disamba, lokacin hutun 'yan makaranta.

Ban taɓa riƙe abu da gaske kamar yadda na riƙe wannan ba. Na sayi littafi mai bango ja, na ja layuka. Fasfo, biza, jirgi, masauki, abinci, motar cikin gari, kuɗin shiga wurin wasa. Na gano cewa a wurin wasan ba shekaru ake tambaya ba, tsawo ake aunawa: yaron da bai kai mita ɗaya ba kyauta yake shiga, wanda bai kai mita da ashirin ba kuma akwai lilon da ba za a bar shi ya hau ba. Na ari tef wajen tela, na jera ƙannena jikin bangon tsakar gida ina zana tsawonsu da gawayi.

"Yaya Fa'izu, ɗinkin Sallah ne ko likkafani?" in ji Luba.

"Bakinki ya sari dutse. Tsaya sosai."

Fiddausi, autarmu, ta yi ɗage bisa yatsun ƙafa don ta ƙara tsawo. Na danna kanta ƙasa. Santimita biyu suka rage ta cika mita.

"Ke, ki rage cin tuwo har mu dawo. Kika ƙara tsawo kin ja mani asara."

Aka yi ta dariya. Inna tana bakin murhu ba ta yi ba. Da yaran suka watse ta kira ni.

"Wai yaushe ne tafiyar taku?"

"Tafiyarmu dai, Inna. Baba ya ce sirri ne."

"Kafin kaka ko bayanta?"

"Ke dai ki shirya hijabinki mai kyau."

Ta daɗe tana juya itace cikin wuta. "Tau. Ka dai ce ma babanku kada a yi gaggawa."

Na ɗauka tsoron jirgi ne. Har na ba Baba labari muka yi dariya tare, abin da muka daɗe ba mu yi ba.

Cikin Yuli na ɗauki shatar bas muka tafi Katsina yin fasfo. Muka biya Mawashi muka ɗauko Yaya Kubura. Wata goma ke nan da aurenta da Malam Sabi'u, mai koyarwa a Islamiyyar garin. Ta fito cikin dogon hijabi har ƙasa, ta zauna bakin taga. Kafin mu kai Charanci ta sa an tsaya sau biyu.

"Yaya, bas ma ke nan," na ce mata. "Ranar da lilon can ya juya ki sama fa?"

"Rufe mani baki, mai kan kwakwa," ta ce, tana kuskure baki da ruwan leda.

Inna tana kallon gonaki ta ɗaya tagar kamar ba ta ji ba. Ban yi mamaki ba. Yaya Kubura ce 'yar farinta, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce "waccan ta Mawashi." Haka muka taso muka gani.

Da fasfo suka fito na tafi Kano wajen wani ejan mai sayar da tikitin jirgi, mai suna Sharafaddeen, ofishinshi ɗaki ɗaya ne a saman wani bene. Ya juyo mani fuskar kwamfuta.

"Tikiti iri biyu ne, abokina. Wannan in an fasa ana maida kuɗi, ku goma sha biyu miliyan goma sha uku da dubu ɗari biyu. Wannan kuma na rangwame ne, miliyan tara da dubu ɗari shida, amma in ka saya ka saya. Ba fasawa, ba canjin suna."

Miliyan uku da dubu ɗari shida tsakani. Kwantena ke nan, da kantar jera kaya, da janareta ƙarami.

"Ka tabbata ba abin da zai taso? Mutum goma sha biyu ba wasa ba ne. Ba mai jarrabawa, ba mai larura?"

"Gidanmu in Baba ya ce ranar kaza, ranar ce."

Haka na yi da masauki, gida mai ɗaki uku na kwana bakwai, na biya gaba ɗaya don ragi. Haka na yi da tikitin wurin wasa na kwana biyu. Na lissafa har kilishi da garin kwaki da yajin da za mu ɗauka don kada mu riƙa sayen abincin rana. Da na kai ma Baba littafin ya duba shafi-shafi, ya dube ni, ya ce, "Ashe dai akwai kai." Na je na ba mai kwantena kalmata cewa ƙarshen Disamba zan biya.

Ranar ashirin da shida ga Nuwamba, da la'asar, ina shigowa gida na ga mota ƙofar zaure, Malam Sabi'u yana sauke akwati da buhun gero. Yaya Kubura ta sauko a hankali, hannu ɗaya bisa ƙugu. Hijabi ya daina ɓoye komai.

An kawo ta goyon ciki. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, kowa ya san wannan, ni ma na sani.

Na bi Inna har ɗakin girki.

"Inna, Yaya yaushe za ta... yaushe ne?"

"Kai, ba ka da kunya? Wannan maganarka ce?"

"Inna, don Allah. Ashirin ga Disamba ne jirginmu."

Ludayin da ke hannunta ya tsaya. Ta zauna bisa turmi.

"Tsakiyar watan ne," ta ce a hankali. "Haka suka ce asibiti."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin ka fara zanen gawayinka."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ma wa? In tsaya gaban babanku in ce mashi mi? Ko kai zan zaunar in yi maka bayanin cikin yayarka? Ai na ce kada a yi gaggawa. Na tambaye ka sau nawa?"

Sau uku ta tambaye ni. Duk matan gidan sun sani, har Luba. Su suna riƙe da rana ɗaya, ni da Baba muna riƙe da ɗaya, muna cin tuwo daga tukunya guda wata biyar.

Na fita na kira Sharafaddeen. Ya ce mai ciki wata tara ba jirgin da zai ɗauke ta, mai jegon kwana biyar ma haka. Ya ce ɗage rana zai yiwu, amma kuɗin tara da bambancin farashi sun kusa kuɗin sabon tikiti, kuma biza za ta ƙare kafin a yi arba'in. Masu masauki suka aiko da saƙo mai ladabi cewa ba su maida kuɗi.

Washegari na sami Baba a sito. Farashin masara ya faɗi warwas tun shigowar sabuwa, yana zaune gaban buhunan da ya sayo da tsada. Na faɗa mashi komai ina kallon ƙasa.

"Tau, a fasa a karɓo kuɗin," ya ce. "Ma je baɗi."

"Ba su maidawa, Baba."

"Kamar ya ba su maidawa?"

"Irin tikitin ne. Akwai wanda ake maidawa, ya fi tsada."

"Kuɗin da na ba ka bai isa mai tsadar ba?"

"Ya isa."

Ya gane. Na ga lokacin da ya gane.

"Kwantena," ya ce.

"Baba, ai kai ka ce kada a faɗa ma kowa rana. Da Inna ta ji..."

"Ni zan ɗauki laifin ke nan? Ni na ce ka yi caca da kuɗina?"

Na ce mashi ba duka za a rasa ba. Inna ta zauna da Yaya don wankan jego, shi ya tafi da sauran.

"In bar ɗiyata bisa gwiwa in tafi hawan lilo? Surukai su zo suna daga Mawashi a ce masu ina Masar? Da wane ido zan sake shiga masallaci?"

"Tau ni in tafi da manyan. Mu shida. Na san komai, Baba, na san har lambar motar da za mu hau daga filin jirgi."

Ya yi wata dariya da ba ta da daɗi.

"In ba ka ɗiyana biyar ka kai su ƙasar da ba ka jin harshenta? Kai da aji mai bango huɗu ya gagare ka zama? Ajiye mani littafin da sauran kuɗin. Tashi ka ba ni wuri."

Yaya Kubura ta haihu sha shida ga wata, namiji, lafiya lau. Da na shiga barka ta riƙe hannuna ta ce, "Fa'izu, da na san ranar, wallahi da na aiko Luba ta raɗa maka." Na ce ba komai. Ban iya kallon jaririn ba sosai, kuma na san ba shi da laifi.

Ranar ashirin, da azahar, lokacin da jirgin ke tashi daga Kano da kujeru goma sha biyu babu kowa, ina bayan gida ina faskaren itacen ruwan wanka. Fiddausi ta zo ta tsaya kaina ta tambaye ni ko yanzu tana iya cin tuwo da yawa. Na ce ta ci.

Aka yi suna, aka yanka raguna biyu, aka sa ma yaro Abdullatif. Baba ya yi ta gaisawa da mutane yana murmushi. A gari labarin da ya bazu shi ne Alhaji ya ba Fa'izu kuɗi ya lalata, kuma ba wanda ya yi mamaki.

Tikitin jirgi miliyan tara da dubu ɗari shida, an maido dubu ɗari bakwai na haraji. Masauki miliyan biyu da dubu ɗari. Wurin wasa dubu ɗari tara. Biza miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Jimla miliyan goma sha uku da dubu ɗari biyu, buhun masara ɗari uku da talatin a farashin makon nan. Kwantena ɗaya, wani mai sayar da caja ya biya ya shiga ranar biyu ga Janairu. Wata shida na aikina. Tun ranar nan a sito, kwana hamsin da ɗaya ke nan yau ina gaida Baba da safe yana amsawa da kai.