Shuɗiyar Fitilar Ɗan Haya

Hajiya Rahamatu ta ba Lucky hayar ɗaki a gidanta da ke Gangaren Tudu, don ya ce a Abuja yake aiki, haya can ta fi ƙarfinsa. Yaro ne mai gaisuwa. Sai dai bai daɗe da tarewa ba, wani shuɗin haske ya fara fitowa ta labulensa, har da rana tsaka lokacin da ba ya nan.

Ƙanwarta Mu'mina ce ta fara magana. "Yaya, wane irin mutum ne zai kulle ɗaki ya bar shuɗiyar wuta? Kuma in kin kasa kunne, akwai abin da ke ɓulɓula a ciki. 'Yan Abujan nan fa sai a hankali."

Hajiya ta kasa kunne, ta kuwa ji.

Ranar Asabar da hantsi ta ƙwanƙwasa masa, wai za ta duba ko rufi na yoyo. Ya buɗe da sauri. Akwatin gilashi ne a kan tebur cike da ruwa, da ƙananan kifaye jajaye, wani ɗan inji yana hura musu iska. Ga fitilu a zube kan katifa.

"Mama, gara da kika zo," in ji Lucky. "Mai shago a Sabon Gari ya ce shuɗiya ta fi, amma tun da na sa ta gansakuka ta cika gilashin, kifayen sai ɓuya. Wannan fara ce, wannan kuma ruwan ɗorawa. Wacce kika gani?"

"Kifayen nan, ci ake yi?"

"A'a, kallo kawai."

"Sayarwa fa?"

"A'a, Mama."

Ta dube shi, ta dubi kifayen, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Takalma ne kawai.

"Sa farar," ta ce. "Kuma in za ka fita ka kashe."

Ya ɗaura ta nan take. Kifayen suka fito daga bayan duwatsu, jansu ya fito sosai, har Hajiya ta ɗan matso.

Da ta ba ƙanwarta labari, sai Mu'mina ta taɓe baki. "Kifin da ba a ci, ba a sayarwa? Ni dai ban yarda ba."

Hajiya ba ta kore shi ba. Amma da ta shiga kasuwa da yamma, sai da ta tambayi mai sayar da tarwaɗa ko ya taɓa jin ana kiwon kifi don kallo.