Kambun Baba Namadi

Duk wanda ya ce jinyar yaro ta fi ta tsoho wuya, bai yi jinyar Baba Namadi ba. 'Yarsa Zinatu ta yi, kuma har yau ba ta sauke ba. Tun da ƙodarsa ta gaza, ita ke ɗauko shi daga Zugu, su biyu a bayan ɗan kabu-kabu, su ratsa dajin nan da ba mai shigarsa sai da addu'a saboda 'yan bindiga, sannan su hau mota zuwa babban asibiti a yi masa wankin ƙoda.

Jijiyoyin hannun dama dai tuni sun gama aiki. Mai kemis na garinsu ya cinye su da ƙarin ruwa, mutumin da ko tuntuɓe ka yi sai ya rataya maka leda. Saura hagu. A nan likitoci suka yi masa aiki a gwiwar hannu, suka haɗa jijiya biyu don ta yi kauri ta iya ɗaukar allurar wanki, a samu a cire masa robar wuyan nan da ke jawo masa zazzaɓi. Suka ce a lallaɓa hannun kamar ƙwai: ba allura, ba kwanciya a kansa, ba abin da zai matse shi. In wannan jijiyar ta lalace, babu wata.

Zinatu ta zama 'yar sandan hannu. Ta ƙwace agogo, ta hana shi ɗaukar buta da hagu, ta farke hannun rigunansa yana kallo yana tsaki. Kullum safe sai ta ɗora yatsu a wurin ta ji yana zuuu kamar ƙudan zuma a cikin tulu, haka likita ta koya mata. To, kwanan nan ƙudan ya fara yin kasala, kuma tsoron da ya kama ta ko abinci ba ya barinta ta ci.

Ranar hoton jijiya, likita Hannatu ta shafa masa wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'urar, ta juyo da allon yadda Zinatu za ta gani.

"Kin ga jan nan? Jini ne ke gudu. Nan lafiya lau."

Ta ja na'urar sama zuwa damtse, sai ta tsayar da ita a nan. Ko Zinatu da ba ta san kan hoton ba ta ga yadda hanyar ta tsuke, kamar an shaƙe wuyan buhu. Likita ta goge man, ta duƙa ta dubi fatar. Ga shatin wani abu ya zagaye damtsen.

"Baba, me kake ɗaurawa a nan?"

"Ni? Ba komi," in ji Baba Namadi, ya tsura wa fanka ido kamar yau ya fara ganin fanka.

Zinatu ba ta jira ba. Ta zura hannu a aljihun rigarsa da ke rataye, ta zaro kambun tsari, baƙar fata da ta sha gumi. Ashe a bayi yake ɗaura shi kafin su bar gida, ya ja shi tamau, ya kwance a ƙofar asibiti tana can tana biyan mai mota.

"Baba! Ni ina tsaron buta, kai kana shaƙe jijiya? Mi na wanga, don Allah? Ba ka da hannun dama?"

"Wanda yab ba ni shi hagu yac ce. Dama bai ci."

"To hagun ɗaya ta rage maka duniya!"

Likita ta ce jinin yana wucewa tukuna, amma da ƙyar. In aka bar damtsen ya huta, akwai fata. In aka ƙara matse shi, jinin zai daskare, shi ke nan, sai robar wuya har iyakar inda ta kai shi. Baba Namadi ya gyaɗa kai ya ce awo, ya ji. Zinatu ta san irin wannan awon, shi ya yi mata ranar agogo.

Sai da suka sauka daga mota inda babura ke jiran masu shiga daji, ya miƙo mata hannu.

"Ba ni abuna."

"Wallahi ba ni ba ka."

"Zinatu." Ya rage murya don kada Jabiru mai babur ya ji. "Ke aza don kaina nika ɗaura shi? Ni da injin ka wanke ma jini, mi nika tsoro? In sun tare mu, wani ya kamata shi tsaya gabansu, ko ɗan jinkiri shi yi musu. Ni ka tsayawa, ke ki sheƙa. Kina da ɗiya gida."

Haushinsa da Zinatu ta tara tun asibiti bai tafi ba, sai dai yanzu ya haɗu da wani abu da ya fi shi ciwo. Ta juya baya, ta zura kambun a nata hannun ƙarƙashin hijabi. Ya yi mata yawa, ya zamo har gwiwa.

"Ba haka aka yi ba," in ji shi. "Kuma wa yac ce ke ki tsaya?"

"Hau mu tahi, Baba, rana na yi."

Ya hau bayan Jabiru yana gunaguni, ta hau bayansa. Ta kamo hannun nasa na hagu ta riƙe da kyau, yatsunta a kan jijiyar. Babur ya bar kwalta ya shiga daji, ita kuwa ba ta ɗaga yatsun ba. Ƙudan yana nan, kaɗan-kaɗan.