Kwali a Gaban Lagireto

Ɗanhausa bakanike ne a Sheme, gareji gare shi a bakin titi, amma asalinsa mutumin Mabai ne. A can mahaifinsa Baba Ɗanlahadi yake zaune, ƙafar hagu a karkace tun daminar da wata babbar mota ta kwashe shi yana koro shanun huɗarsa daga gona. Sa ɗaya ya mutu nan take. Direban bai tsaya ba. Waɗanda suka gani sun ce motar kore ce, an zana ɗawisu a ƙofarta, mai tuƙa ta kuma Mas'udu ne, wani ɗan Ƙanƙara. Da aka kira shi gaban hukuma ya rantse ranar bai bi hanyar ba, maganar ta mutu.

Ba ta mutu a zuciyar Ɗanhausa ba.

Wata safiya a tsakiyar hunturu aka tashi da sanyin da ruwan randa ma ba ya taɓuwa. Yana jin wuta a bakin gareji sai ga motar nan mai ɗawisu tana tahowa da kyar, tana tari, farin hayaƙi na bin ta. Mas'udu ya diro, kai naɗe da rawani, ya yi sallama. Bai san ɗan wane ne a gabansa ba. Ya ce siminti ya ɗauko zai kai Sabuwa, tun asuba inji ya ƙi yin zafi, ba ƙarfi, allurar zafi kuwa tana kwance kamar ba a tayar da mota ba.

Ɗanhausa ya buɗe bonet. Ya taɓa tiyon lagireto na sama ya ji shi da ɗan ɗumi kawai. Ya kwance inda tamostat ke zama, wato abin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, ya tarar wayam, an daɗe da cire shi an yar. Ruwa yawo yake yi, fanka da iskar hanya na ƙara sanyaya shi. Ya kuma lura wayar allurar ta tsinke, ko inji zai kama da wuta ba za ta motsa ba. Ya dube ta, ya tura ta bayan tiyo.

Ya ce wa Mas'udu ba shi da tamostat ɗin irin wannan mota, amma akwai dabara. Ya yago babban kwali ya rufe gaban lagireto ruf, ya ɗaure da waya. Ba a jima ba hayaƙi ya ɗauke, muryar inji ta daidaita. Mas'udu ya washe baki yana sa masa albarka.

Duk mai yin wannan dabara yakan bar kafa a tsakiyar kwalin, ya kuma ja kunnen direba ya cire shi da rana ta ɗaga. Maganar ta zo bakin Ɗanhausa. Ya tuna yadda tsohonsa ke jan gindi zuwa bayan gida a watannin farko, sai ya haɗiye ta. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Rana ta take, sanyi ya gudu. Bayan an wuce Dandume motar ta tafasa da kayanta, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da kansa, ya ƙone, kan inji ya tsage. Direbobi ne suka kawo labarin Sheme, suka ƙara da cewa mai motar ya karɓe makulli daga hannun Mas'udu.

Ranar kasuwar 'Yankara Mas'udu ya sauko daga bayan ɗan acaɓa a bakin garejin, idanu jajur. Ya tambayi Ɗanhausa me ya sa bai ce masa ya cire kwalin ba.

"Yadda za ta yi zafi ka tambaye ni, kuma ta yi," in ji Ɗanhausa. "Ni ɗan Baba Ɗanlahadi ne na Mabai, mai shanun huɗa."

Mas'udu ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya juya ya hau babur ɗin da ya kawo shi.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci Ɗanhausa ya gaya wa mahaifinsa komai, bai rage ba. Tsohon ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya tambaya ko mutumin yana da iyali. Ɗanhausa ya ce bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Aka kawo tuwo, Ɗanhausa ya wanke hannu ya ci har ya nemi ƙari.